Rasuwar Lora, Tarhon Shingen Paso Sereno

Da zukata masu nauyi da idanun da kuka ya kumbura, dattijo Toribio Lemos na Paso Sereno, wanda ake kira don Toribio saboda girmamawa, tare da ɗaukacin gidajen bakin rafi tun daga kantin Gumersindo har tsohuwar makarantar kan tudu, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan da waɗanda suka yi ƙaura zuwa birnin Tacuarembó, rasuwar abar ƙaunarsu, uwa kuma kaka, wadda kowa ya sani da suna Lora.

Ga wanda bai san ta ba, in har akwai irinsa, Lora ita ce tarhon katakon nan da ke rataye a bangon ɗakin girkin don Toribio. Shi ya ƙera ta da hannunsa tun yana da gashi a ka, ta kuma shafe shekara arba'in da ɗoriya tana kai muryar jama'a gida-gida ta cikin wayar shingen tumaki. Sunan aku aka ba ta, don tun da ta buɗe baki ba ta sake rufewa ba sai da rai ya yi halinsa. Ta cika ranar da aka gama askin tumakin bana, da la'asar sakaliya, ana tsakiyar magana, kuma abin da ya fi ci wa mai ita rai shi ne ta tafi da saƙo a maƙogwaro. Don Toribio ya yi tambayar da ya tsufa yana son yi, wato ya nemi auren doña Ubaldina Fleitas ta hayin rafi. Doña Ubaldina ta ji, ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai Lora ta ce ga garinku nan. Har zuwa lokacin wannan rubutu bawan Allah bai san ko i aka ce masa ko a'a ba. Ya rame, ya yi zuru-zuru, ƙoƙon mate ma, shayin ganyenmu na gado, sai an cusa masa a hannu.

An haifi marigayiya a rumfar kayan doki ta gidan Lemos, kuma soyayya ce ta haife ta, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Toribio yana saurayi bakinsa ƙalau. Da doki yana hira, da kare yana hira, a kanti kuwa sai an roƙe shi ya bar wa wasu fili. Amma da zarar ya haɗa ido da Ubaldina, shi ke nan, harshe ya naɗe. Sai ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa, ya dubi sama ya ce da alama za a yi ruwa. Ko rana na tsaga ƙasa abin da zai ce ke nan. Wata rana yana gyaran shinge ya jingina kunne da turke don ya huta, sai ya ji bugun gudumar mahaifinsa daga can bayan tudu ya biyo waya ya iske shi tun kafin iska ta kawo. Ya zauna daɓas a kan ciyawa. In waya za ta ɗauko bugun guduma, me zai hana ta ɗaukar maganar ɗan Adam? Shingen Lemos kuwa haɗe yake da na Fleitas a mashigin rafi. Ashe hanya tana nan shimfiɗe har bayan ɗakin Ubaldina, hanyar da ba sai an kalli idon kowa ba.

Hunturu biyu ya yi a rumfar nan. Ya ciro maganaɗisu daga wata motar ɗaukar ulu da ta mutu a bakin hanya. Ya daka gawayi a turmin mahaifiyarsa. Ya yanke ƙahon wani tsohon sa ya yi wurin sa baki. Ƙararrawa kuwa ta keken limamin coci ce na wancan zamani, wanda ya koma ga Allah yana zargin ɓarayin kan iyaka. Akwatin na sabulu ne, shi ya sa har ta bar duniya in surutu ya yi mata yawa ta ɗauki zafi, ƙamshin wanki take yi. Gwajin farko ya ƙone masa gira. Na biyu ya jefa dokin mahaifinsa cikin gonar masara, don dabbar ta jingina gindi da shinge daidai lokacin da ake murɗa hannun ƙararrawa. Na uku ba a cika son maganarsa ba, amma tun daga ranar karen gidan bai sake ɗaga ƙafa a jikin turke ba.

Da ya gane cewa muryar tana zurarewa cikin ƙasa ta jikin itace, sai ya bi shinge turke-turke yana cusa wuyan kwalba a ƙarƙashin wayar sama. Aikin ya ci kwalabe masu yawa, kuma don samar da su ne mazan Paso Sereno suka sadaukar da kansu a kanti ba dare ba rana, sadaukarwar da matansu ba su taɓa yabawa yadda ya kamata ba. A kowace ƙofar shinge ya kafa dogayen sanduna ya tsallakar da waya ta sama. Sannan ya ƙera akwati na biyu, ya kai gidan Fleitas ranar da ya tabbata Ubaldina ta tafi gari, ya gaya wa mahaifinta wai saboda ɓarayin shanu ne.

Kalmomin farko da marigayiya ta furta a duniya suna nan a bakin kowa. Toribio ya yi mako yana haddar abin da zai ce. Ya murɗa hannu, ƙararrawa ta yi kirrr a hayin rafi, kajin Fleitas suka watse. Aka ɗauka.

"Wane shaiɗanin ne a cikin akwatin nan?"

Muryarta ce, tangaran. Har sai da ya waiwaya ya ga ko tana bayansa.

"To... Toribio ne. Ana ruwa a wajenku?"

"Haba Toribio, rafi ne kaɗai tsakaninmu. Leƙa taga mana."

Da haka ƙasarmu ta shiga zamanin magana daga nesa. Kafin shekara ta zagayo kowane gida na son nasa, Toribio kuwa bai iya cewa a'a ba. Lora ta hayayyafa. Aka raba wa kowa irin kukansa, doguwa ɗaya kanti, gajeru biyu gidan Fleitas, doguwa da gajera gidan doña Petrona, haka har makaranta. Sai dai waya ɗaya ce ta ɗinke su duka. In ta yi kuka a gida ɗaya, ta yi a kowane gida, kuma duk wanda ya ɗaga abin sauraro ya kanga a kunne zai ji abin da ake cewa.

Halayen marigayiya na kirki ba su ƙirguwa. Rabin waɗanda za su karanta wannan sanarwa ita ta kira musu ungozoma. Ita ta yi shelar babbar ambaliya tun ruwa na can sama, aka kwashe tumaki zuwa tudu ba a rasa ko ɗan rago ba. Ɓarayin shanun da aka yi ƙarya da sunansu ma sun zo daga baya da gaske, suka tarar da maza a kan dawakai suna jiransu a mashigi, har yau ba su san yadda aka yi ba. Ran Lahadi ƙanen Gumersindo yakan kaɗa jita a bakin ƙahon kanti, tsofaffi su yi ta rawa a gidajensu da kunne ɗaya manne da bango. Ba ta taɓa yin fushi da kowa ba, ba ta taɓa zaɓen mai kuɗi ta bar talaka ba. Gulma kam ta ɗauka, ba a musu, amma yadda aka ba ta haka take kaiwa. Ba ta ƙara gishiri, masu bakin ne ke ƙarawa.

Ta sha jinya a rayuwarta ba tare da ƙorafi ba. In an yi ruwa turaku suka jiƙe, muryarta takan dishe. In bijimi ya samu wurin susa a jikin shinge, sai ta yi ta gurnani har ya gama. Tsuntsayen nan masu gina ɗakin laka sun sha toshe mata wuyan kwalba. Akwai shekarar da wani baƙo ya wuce da amalanke maƙare da ciyawa ya tsinke wayar saman ƙofa, rabin gari ya kurmance, doña Petrona ta kwanta ciwo sai da aka ɗaura.

Ba a so a faɗi aibin mamaci, amma wannan dole a faɗa, don a kansa komai ya rataya. Lora ba ta da ƙarfin ɗaukar kunnuwa da yawa. Duk gidan da ya ɗaga abin sauraro sai ya tsotse kaɗan daga muryar. In mutum biyu ne ke magana, ras ake ji. In gida biyar suka sa kunne, sai ka ɗauka daga cikin rijiya ake yi maka magana. In kuwa gari duka ya ɗauka, to sauro ma ya fi ta amo.

Don Toribio kullum da yamma yakan kira gajeru biyu, kuma ta bakin ƙahon nan harshensa yakan warware. Ya yi mata zancen ciwon kofato, zancen fari, zancen wanda ya mutu da wanda ya kusa. Ba wanda ya damu da sauraron wannan sai doña Petrona. Amma babbar maganar, ƙarfin zuciyar faɗinta sau ɗaya yake zuwa masa a shekara, ranar da aka gama aski, bayan an ci gasasshen rago ya kora da kofin giyar rake. Ran nan yakan yi wanka, ya ɗaura jan ƙyallensa a wuya, ya taje gashin baki, ya je ya tsaya a gaban akwatin sabulu ƙame. Matsalar ita ce duk Paso Sereno ta san ranar.

"Doña Ubaldina, barka da yamma."

"Barka kadai, Toribio. An gama aski lafiya?"

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas-ƙyas. Ƙarar ɗaga abin sauraro ke nan, gida bayan gida.

"Lafiya lau. Dama... akwai wata 'yar magana."

"Ina jin ka."

Ƙyas. Ƙyas.

"Jama'a, don girman Allah ku ajiye! Doña Petrona, ga agogon bangonki nan ina ji!"

"Wa? Ni? Ni ina waje ina ba kaji masara," in ji doña Petrona, ta cikin wayar.

"Gumersindo, wannan numfashin naka ne, na san shi."

"Nan fa kanti ne, maƙwabci. In wani na son sukari fa?"

Sai don Toribio ya runtse ido, ya riƙe ƙaho da hannu biyu, ya faɗa. Allah ya sani yakan faɗa, bangon ɗakinsa shaida ne. Amma abin da ke isa hayin rafi shuuu ne kawai, irin na iska a cikin ciyawa.

"Ɗaga murya, Toribio! Ban ji komai ba!"

Kafin nan giyar ta sake shi. Masu sauraro su ma ba su ji komai ba, sai su fara ajiyewa cikin takaici, waya ta washe, muryarsa ta fito sarai daidai lokacin da yake cewa, "Cewa na yi... da alama za a yi ruwa."

Kada wani ya zaci doña Ubaldina ba ta san dawan garin ba. Ta sani, kajinta ma sun sani. Saboda wa ta kori dillalin shanun nan mai haƙorin zinariya da mota, wanda ya yi rani guda yana zarya? Amma mace ce mai taurin kai, 'yar ubanta. Da Gumersindo ya gaji ya haye rafi ya ce bari ya faɗa a madadin abokinsa, ko zama ba ta bari ya yi ba. Ta ce mutumin da ya sa wayar shinge ta yi magana shi ne zai aiko mata ɗan aike? Ta ce abin da kunnenta bai ji daga bakinsa ba, ba a faɗa ba. Kowace shekara bayan an watse takan murɗa doguwar ƙararrawa ta tara gari ta wanke su tas. "Munafukai! Marasa aikin yi! Allah ya sa ulunku ya yi ƙwarƙwata!" Kowa ya sunkuyar da kai a ɗakinsa ya yarda tana da gaskiya, ya kuma yarda cewa maƙwabcinsa ne ya kamata ya ajiye, don kunnensa shi guda ɗaya ba zai rage komai ba.

Tun abin yana ɓoye har ya zama biki. Ranar gama aski mata sukan soya fanke tun hantsi. Dangi sukan shigo motar haya daga Tacuarembó musamman. A jera kujeru a ƙarƙashin akwati, abin sauraro ya riƙa zagayawa daga babba zuwa ƙarami, kowa ya saurari shuuu ɗinsa ya miƙa wa na gaba, a kaɗa kai a ce bana ma dai bai faɗa ba.

Shi kuwa bai zauna ba, mai ƙirƙira ne. Ya ƙara batura, Lora ta yi hayaƙi, kuma da aka ji murya ta ƙaru sai wasu gidaje uku na bayan tudu suka roƙi a haɗa su. Ya ja layi na musamman ta waya ta biyu a shinge, daga shi sai Ubaldina, amma shingen ta bayan gidan doña Petrona ya bi, kafin mako mijinta ya sauya maƙalin akwatinsu bisa umarni. Ya gwada sauya rana, ya kira cikin sanyi ba zato, ƙarfin zuciya ya ƙi zuwa, aka ƙare a ciwon kofato. Sau ɗaya ma ya hau doki ya haye rafin da kansa. Ta fito, ta miƙa masa mate, ya sha, ya mayar mata da ƙoƙon, ya dubi sama, ya hau dokinsa. An yi dariya, an daɗe ana yi. Amma gashinsa ya zube ana dariyar, nata ya yi fari ana dariyar, kuma wannan abin tausayi ne, ko wa ya ƙi ji.

Ciwon ajalin marigayiya ya soma ne shekarun baya, da aka kafa dogon ƙarfen salula a tudun makaranta. Aka fara sauke 'ya'yanta daga bango ɗaya bayan ɗaya. Wani ya zama akurkin kaza mai kwanci, wani ma'ajin ƙusoshi, wani kuma wani baƙo daga Montevideo ya tafi da shi ya rataye a gidan abincinsa don ado. Sai wani kamfani ya sayi filayen tsakiya, ya tumɓuke shinge, ya dasa itatuwan turare layi-layi. Don Toribio, da gwiwarsa mai ciwo, ya zagaya da waya ta bayan gonar yana ƙulle-ƙulle da abin da ya samu. Muryar Lora ta koma ta tsohuwa, ga rawa ga tari, har ta kai ko kunne ɗaya aka ƙara sai ta ɗauke. Gida huɗu suka rage mata: na mai ita, na Fleitas, kanti, da na doña Petrona, wadda ta haura casa'in ta kuma ƙi karɓar salular da jikokinta suka kawo. Ta ce tarhon da ba ka jin maganar kowa a ciki sai taka, amfaninsa me?

Ranar da abin zai faru Gumersindo ya tafi gari cire haƙori. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga kudu. Don Toribio da kansa ya kafa dokar cewa ba a taɓa Lora in ana tsawa, amma ya riga ya yi wanka, ya ɗaura jan ƙyalle, ya sha kofinsa, kuma a shekarunsa ba a cewa sai baɗi. Ya murɗa gajeru biyu.

"Doña Ubaldina, barka da yamma."

"Barka, Toribio. Ka ga hadarin nan kuwa?"

"Na gani. Ba shi ya kawo ni ba."

Ƙyas. Sai ƙarar agogon bango. Muryar ta yi ƙasa, ta kusa ɓacewa. Don Toribio bai ko roƙa ba wannan karon, ajiyar zuciya kawai ya yi. Can sai ga wata siririyar murya.

"Toribio, ɗana, ni ce. Na binne miji, na binne ƙannena biyu, duk muna jiran maganar nan. Zan ajiye. Ka yi maza, don ni ma ba ni da wata shekarar da zan ba ka. Ke kuma Ubaldina, ki buɗe kunne."

Ƙyas.

Ta ajiye, jama'a. Doña Petrona ta ajiye. Jikarta ta ce ta koma kujera ta zauna a kan hannuwanta tana hawaye, ta ce ko naƙudar fari ba ta ba ta wahala haka ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin don Toribio aka ji shi, don babu wani mai sauraro.

"Ubaldina," ya ce, ba doña ba komai. "Na tsufa. Gwiwata ɗaya ta tafi, ba ni da komai sai tumaki da tarkacen waya. Tun ina saurayi nake son ki. Za ki aure ni?"

Lora ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta tsallakar da maganar rafi, ko kalma ɗaya ba ta faɗi a hanya ba. Ya ji an ajiye buta a kan murhu.

"Na ji ka, Toribio. Yau kam na ji ka sarai. To buɗe kunnenka ka ji tawa..."

Aradu ta faɗi a kan shingen tudu. Wuta ta biyo wayar da ta saba ɗauko gaisuwa, ta shigo ɗakin girki ba sallama. Don Toribio ya tsinci kansa zaune a kan buhun gari, babu gira, kunnen hagu ya toshe. Ƙararrawa ta yi kirr ita kaɗai, ɗan gajeren kuka wanda ba na gidan kowa ba, hayaƙi ya fito ta ƙaho, ɗaki ya cika da ƙamshin sabulu. Shi ke nan. Allah ya jiƙan Lora, ya sa ta huta, don ta yi aiki.

An yi iya ƙoƙari. Ya sauke ta ya kwantar a kan tebur, ya buɗe cikinta, ya tarar komai ya narke ya dunƙule. Irin kayan ba a yin su yanzu, hannun da ya ƙera ta ma rawa yake yi. Ya kifa kai a kan akwatin ya yi kuka, kuka na gaske, har karensa ya taya shi. Gumersindo ya dawo da kumburarren kunci, ya ji labari, ya ce ai abu mai sauƙi ne, ga salularsa. Ya haye rafi da ita. Doña Ubaldina ta dubi abin ta ce ta gaji da yi wa akwati magana. Ta ce a gaya masa amsarsa tana nan, ba ta ruɓewa, ba kuma ta tafiya a aljihun kowa.

Don Toribio ya ɗaura sirdi, ya je har mashigi, ya juyo. Ya ce ruwa ya yi yawa, alhali karensa ya haye ya dawo cikinsa bai jiƙe ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ya zauna ya auna maganar yadda yake auna waya, ya ce mai cewa i, i kawai take cewa. Wa ya taɓa cewa buɗe kunnenka kafin ya ce i? Wannan shimfiɗar a'a ce. Ya ce da ya ji ta ido da ido, gara ya mutu bai sani ba.

Marigayiya ta bar 'yar'uwarta a bangon gidan Fleitas, wadda tsawa ta tsallake amma ba ta da sauran abokin magana. Ta bar 'ya'ya warwatse a rumbuna da akurkai. Ta bar wuyan kwalabe ba adadi a kan turaku, yanzu sai tsuntsaye. Ta bar doña Petrona, wadda har yau kowace safiya takan ɗaga abin sauraro ta kanga a kunne ta daɗe tsaye. Ta kuma bar mahaifinta, don Toribio Lemos, maraya a tsufansa. Allah ya ba su haƙurin rashi.

Game da jana'iza, doña Ubaldina ce ta karɓi ragamar shirin, ba tare da ta nemi izinin kowa ba, kuma ga abin da ta aiko ta bakin Gumersindo. Za a yi ranar Asabar mai zuwa da hantsi. Gawa za ta tashi daga gidan Lemos a kan keken doki, kuma mai ita ne zai riƙe linzami, tunda shi ne mafi kusa da ita. Gumersindo da maza biyu za su bi baya a kan dawakai, in aka ga doki ya fara juyawa a mashigi a kama shi. Za a binne ta a gindin babbar bishiyar ƙofar gidan Fleitas, a nan kuma za a yi zaman makoki. An tanadi raguna. Kowa ya zo da ƙoƙonsa. Kada a zo da baƙaƙen kaya, wai marigayiya ba ta son su. Za a ajiye kwando a bakin ƙofa, duk mai salula ya jefa ta ciki. An ware wa doña Petrona kujera a sahun gaba, ta biya kuɗinta tun ranar aski.

Limamin coci, Fada Anselmo, ya aiko cewa shi ba ya yi wa akwati addu'a. An mayar masa da cewa ya zo dai, ya sa fararen kayansa, za a sama masa aiki.

An kuma umarci don Toribio ya ɗoro a bayan keken, tare da gawa, kujerarsa ta hutawa, magungunan gwiwarsa, karensa, akwatin kayan aikinsa, da bargonsa na hunturu. Tun da ya ji wannan yake bin mutane yana tambaya me za a yi da bargon hunturu ana wannan zafi. Jiya ya gaya wa Gumersindo cewa ya gane, da shi za a naɗe gawar, ya ce lallai doña Ubaldina mace ce mai tunani, har ya wanke bargon ya shanya.

Saboda haka ana roƙon jama'a, babba da yaro, don girman Allah kowa ya kama bakinsa daga nan zuwa Asabar. Kada wanda ya yi masa bayani, kada wanda ya yi masa murmushi. Doña Ubaldina ta ce maganar tata ce, ta tsufa tana riƙe da ita, kuma da bakinta za ta faɗa masa, a kunnensa na dama, wanda tsawa ta bar mata.